Ciwon Ƙafa a Ƙasar Gadarif: Ire-irensa, Maganinsa da Rigakafinsa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "ciwo" tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya a Hausa. Idan Bahaushe ya ce "ina da ciwo", yana nufin cuta ko rauni. Idan kuwa ya ce "ƙafata tana ciwo", to, zafi ko raɗaɗi yake nufi. Saboda kalma ɗaya ce ta haɗa cuta da zafi, mai magana yakan ɗauka cewa duk abin da ba ya zafi bai kai a kira shi ciwo ba, balle a kai shi asibiti. Wannan muƙala za ta nuna cewa a sha'anin ƙafa lamarin ya saɓa wa wannan tunani. Cututtukan da suka fi damun mutum da zafi ko ƙaiƙayi su ne masu sauƙin magani, waɗanda kuma suke kai mutum ga rasa ƙafa galibi shiru suke shigowa.

An zaɓi ƙasar Gadarif da ke gabashin Sudan don ta zama fagen misali, domin akwai Hausawa manoma masu yawa a can, kuma ƙasar wurin da itatuwanta da irin aikin da ake yi sun sa ƙafa cikin haɗari a kullum. Ana fatan ɗalibi zai fita da abu biyu, wato sanin cututtukan kansu da kuma sanin kalmomin da Hausawa suke kiran su da su.

2.0 Gadarif da Hausawanta

Garin Gadarif yana da nisan kimanin kilomita 400 daga Khartum ta kudu maso gabas, kuma jihar da ke ɗauke da sunansa ta yi iyaka da Habasha. Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyarsu ta zuwa Makka, a ƙasa ko a kan dabbobi. Da yawa sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu kuma daga tsayawar nan sai zama ya kama su. Ƙaura mafi shahara ita ce wadda ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno. Daga irin waɗannan zangogi ne Hausawa suka bazu zuwa Jazira da Kasala da Gadarif. Mutanen Sudan sukan haɗa su da sauran 'yan Afirka ta Yamma su kira su Fallata ko Takari.

A tsakiyar shekarun 1940 aka soma noman inji a yankin Gadarif, ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan dawa da riɗi na Sudan. Sai dai inji bai raba mutum da ƙasa ba, domin cirar ciyawa da yankan riɗi yawanci da hannu ake yi. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da damina, wato daga wajen Yuni zuwa Oktoba, takan zama taɓo mai danƙo wanda yake cire wa mutum takalmi, har ya gwammace ya rataye shi ya tafi ƙafa huntu. Da rani kuwa sai ta bushe ta dare, bakin darewar ya yi kaifi. Dajin kuma cike yake da itatuwa masu ƙaya, irin su aduwa da ɗakwara, wadda ake samun ƙaro daga jikinta. Saboda haka manomi da makiyayi da mai ɗiban ƙaro da mace mai zuwa itace duk suna cikin taka ƙaya.

3.0 Cututtukan da suke sanar da kansu

3.1 Kaushi da faso

Kaushi shi ne taurin fata da gautsinta a tafin ƙafa, musamman a dunduniya. Faso kuwa shi ne tsagewar da fatar take yi bayan ta yi kaushi ta bushe. Kalmar faso ta fito ne daga aikatau "fasa". Tafin ƙafa ba shi da irin maiƙon da sauran fatar jiki take fitarwa, don haka iskar hunturu da ƙura da tafiya cikin silifa mai buɗaɗɗen baya sukan busar da shi da wuri. Idan nauyin jiki ya danna dunduniya, sai busasshiyar fatar ta tsage, wani lokaci har ta yi jini.

Maganinsa ba wuya. A jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi na kamar minti 10 ko 15, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a tsane, sannan a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwana da ita. Kada a yanke kaushi da reza, domin reza takan wuce matacciyar fata ta shiga mai rai. Abin lura shi ne faso ƙofa ce. Duk ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa, idan ta sami tsaga ta sami hanyar shiga jiki.

3.2 Cin ruwa

Cin ruwa shi ne farin laushi da saɓewar fata a tsakanin yatsun ƙafa, tare da ƙaiƙayi, wani lokaci da wari. Sunan yana ɗora wa ruwa laifi, amma ainihin mai laifin wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, wadda take son wuri mai ɗumi da laima. Yakan yawaita da damina, haka kuma ga masu sa rufaffen takalmin roba yini guda. Mai alwala sau biyar a rana yana da riba ta fuskar tsafta, matuƙar yana tsane tsakanin yatsunsa kafin ya mayar da takalmi. Ana maganin cin ruwa da man shafawa irin su kulotirimazol, safe da yamma, har mako 2 zuwa 4. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina shafawa da zarar ƙaiƙayi ya lafa, sai cutar ta komo bayan 'yan kwanaki.

3.3 Farce mai shiga nama

Wannan ya fi kama babban yatsa. Yakan faru idan an yanke farce an zagaye gefensa da zurfi, ko kuma takalmi ya matse yatsu. Gefen farcen sai ya huda nama, wurin ya kumbura ya yi ja, har ya tara mugunya. Rigakafinsa shi ne a riƙa yanke farce a miƙe, kada a ƙwaƙule kusurwa. Idan ya riga ya yi mugunya, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya cire gefen farcen. Haka kuma ya dace a guji almakashi ko askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tafasa ba.

3.4 Sukar ƙaya

Ga mutumin karkara taka ƙaya ba labari ba ne. Yakan zauna ya cire ta da matsefata ko allura ko wata ƙayar, ya ci gaba da aikinsa. Haɗarin yana wuri biyu. Na farko, tsinin ƙaya yakan karye ya zauna a cikin nama. Na biyu, ƙaya takan shiga da ƙasa da ƙwayoyin cuta, cikinsu har da na tetanos, cutar da take sanƙarar da muƙamuƙi da sauran jiki. Abin da ya kamata shi ne a cire ƙayar gaba ɗaya, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe shi, kuma a nemi allurar rigakafin tetanos idan an daɗe ba a yi ba. Toshe rauni da ƙasa ko toka ko kashin shanu ƙara wa cuta ƙarfi ne.

4.0 Cututtukan da suke shigowa shiru

4.1 Maisitoma

Wannan ita ce cutar ƙafa da Sudan ta fi shahara da ita a duniya. Likitocin Turawa sun bayyana ta a yankin Madurai na Indiya a 1842, shi ya sa ake ce mata "madura". A 1860 wani likita mai suna Vandyke Carter ya raɗa mata sunan maisitoma. A Larabcin Sudan kuwa ana kiran ta "nabit", daga tushen kalmar da ke nufin tsiro, kuma sunan ya dace, domin kamar tsiro take yi a cikin nama. Ana samun ta a ƙasashe masu zafi da ɗan ƙarancin ruwa, daga Senegal da Mali da Nijar da Cadi zuwa Sudan da Yaman da Indiya, har da Meziko.

Ƙwayoyin da suke haddasa ta suna zaune ne a cikin ƙasa da jikin tsirrai, kuma ana ganin ta hanyar ƙaramin rauni irin na ƙaya ko faso suke shiga. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko raba masa ƙwarya. Alamominta uku ne. Da farko ƙullutu ne mai tauri a ƙarƙashin fata, wanda ba ya zafi. Bayan watanni ko shekaru sai ya girma, ƙananan ƙofofi su ɓulle a jikinsa. Daga ƙofofin nan sai ruwa ko mugunya ta riƙa fita tare da 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero ko ƙasa da haka. Launin tsabar yana da muhimmanci ga likita. Baƙa tana nuna funfuna, wadda a Sudan galibi ita ce ake kira Madurella mycetomatis. Ja kuwa tana nuna bakteriya, rawaya da fara su ma sau da yawa haka. Idan an bar ta, cutar takan ci nama ta kai ga ƙashi ta rarake shi, har ya zama babu abin da ya rage sai yanke ƙafar.

A 1991 aka kafa Cibiyar Binciken Maisitoma ta Jami'ar Khartum a asibitin Soba, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ahmed Hassan Fahal. Daga 1991 zuwa 2014 cibiyar ta ga marasa lafiya 6,792. Kimanin kashi uku cikin huɗu maza ne, fiye da rabi ba su kai shekara 30 ba, kuma a kusan kashi uku cikin huɗu ƙafa ce cutar ta kama. Kimanin kashi 70 cikin 100 nau'in funfuna ne. Ke nan cutar tana kama matasa majiya ƙarfi, waɗanda gida yake ci daga guminsu. A 2016 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya maisitoma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Magani ya danganta da nau'i. Na bakteriya yakan warke da magungunan kashe bakteriya, irin su kotirimokzazol haɗe da allurar amikasin, idan an jure shan su na watanni. Na funfuna ya fi taurin kai. Ana shan itirakonazol kullum na wajen wata 6 don ƙullutun ya tattaru wuri ɗaya, sannan a yi tiyata a cire shi, a kuma ci gaba da shan maganin har wajen shekara guda ko fiye. Duk da haka yakan komo, musamman idan an yanke shan magani saboda tsada. Daga 2017 an gwada wani sabon magani mai suna fosrabukonazol a cibiyar Soba, tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan. Sakamakon ya nuna bai fi tsohon ƙarfi ba, amma sau ɗaya a mako ake shan sa, wanda hakan sauƙi ne ga mai zuwa daga ƙauye. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 ya tsayar da aikin cibiyar a mazauninta, marasa lafiya da yawa suka rasa magani ana tsakiyar jinya.

Babbar matsalar maisitoma ita ce jinkiri. Tunda ƙullutun ba ya zafi, mai shi yakan ce bari sai an gama shuka, sannan sai an gama girbi. Idan ya fara damunsa kuma sai ya fara da sakiya ko tsaga ko lalas. Waɗannan ba sa kai wa ga tushen cutar, sai dai su buɗe wa wasu ƙwayoyin hanya. Ƙullutun da likita zai iya cirewa da ƙaramar tiyata yana kamar goro, shi ne ake kai masa bayan ƙafa ta zama kamar turmi.

4.2 Ƙafar mai ciwon suga

Ciwon suga idan ya daɗe ba a kula da shi ba yakan lalata jijiyoyin da suke kai saƙon ji daga ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa gare ta. Mai shi yakan fara jin kamar tururuwa na tafiya a tafinsa, ko kamar yana taka auduga, daga baya ji ya ɗauke. Daga nan zai iya taka ƙusa ko garwashi, ko ya yini da tsakuwa a cikin takalmi, bai sani ba. Raunin da ya samu ba ya saurin warkewa, sai ya zama gyambo, wato rauni daɗaɗɗe mai ruwa wanda ya ƙi rufewa. Idan ya ruɓe, yatsa ko ƙafar takan tafi.

Dokar mai ciwon suga ita ce ya duba ƙafarsa da ido kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Idan ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya raunana, ya sa madubi ko ya sa wani na gida ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kada ya gwada da ƙafa. Kada ya kusantar da ƙafa ga kaskon wuta lokacin sanyi, kuma kada ya taka ƙasa mai zafi ba takalmi, ko da daga ƙofar masallaci zuwa inda ya ajiye takalminsa ne. Mata masu ƙunshi su tuna cewa lalle yakan ɓoye canjin launin fata, don haka su ƙara lura. Kowane irin rauni a ƙafar mai ciwon suga, komai ƙanƙantarsa, na asibiti ne a ranar.

4.3 Kuturta

Mutane da yawa suna zaton kuturta ce da kanta take cinye yatsu. Abin da take yi shi ne kashe jijiyar ji, sai mutum ya riƙa jin rauni da ƙuna ba tare da ya sani ba, raunin ya ruɓe, yatsa ya gajarce sannu a hankali. Alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske, kuma ba ya jin taɓi. Kuturta tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake bayar da su. Wanda ya fara da wuri ba ya nakasa.

5.0 Yadda ake tambaya

Ɗalibin da zai yi tafinta a asibiti ko ya yi aiki cikin jama'a ya lura da wannan misali na hira tsakanin ma'aikacin lafiya da dattijo manomi:

"Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?"
"Lafiya lau, ɗana. Alhamdu lillahi."
"Baba, ƙafar nan tana ciwo?"
"A'a, ba ta ciwo ko kaɗan."

Idan aka tsaya a nan, dattijo zai koma gida da cutarsa, kuma bai yi ƙarya ba, domin zafi aka tambaye shi. Tambayoyin da suke fito da gaskiya su ne irin waɗannan: "Baba, ƙullutun nan yaushe ka fara ganin sa?" "Yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake?" "Yana fitar da ruwa? Akwai wata tsaba a ciki? Wane launi ce?" "In na taɓa nan, kana ji?" A lura kuma cewa aikatau "ji" shi ma yana da fuska da yawa, domin ana jin magana, ana jin zafi, ana jin wari, ana jin taɓi. Don haka gara a ce "kana jin hannuna a nan?" da a ce "kana ji?" kawai.

6.0 Rigakafi

Kusan duk cututtukan da aka ambata ta fata suke shiga, saboda haka rigakafinsu ɗaya ne, wato kare fatar ƙafa da kuma duba ta.

Na farko shi ne takalmi. A Sudan akwai takalmin da ake yanka daga tsohuwar tayar mota, wanda ake yi wa laƙabi da "tamut takhalli", wato ka mutu ka bar shi, saboda ƙarkonsa. Yana tare ƙaya ta ƙasa, amma gefe da saman ƙafa a buɗe suke. Rufaffen takalmi ya fi shi, dogon takalmin roba kuma ya fi dacewa da aikin damina da yankan riɗi, domin yana kare mutum har daga maciji da kunama. Sai dai a sa shi da safar auduga, a kuma kife shi ya bushe da dare don gudun cin ruwa. Yara ma suna bukatar takalmi, domin su ne masu kiwo da zuwa aike.

Na biyu shi ne wanke ƙafa da sabulu bayan an taso daga gona, a tsane tsakanin yatsu, a shafa mai a dunduniya. Na uku shi ne share ƙaya daga tsakar gida da hanyar rijiya, musamman inda ake yin shinge da ƙaya ko ake ɗaure dabbobi kusa da ɗaki. Na huɗu shi ne sanin lokacin zuwa asibiti. Ƙullutun da ya yi makonni bai baje ba, da raunin da ya wuce mako 2 bai rufe ba, da tsabar da take fita daga rauni, da wurin da ya daina ji, da yatsan da ya yi baƙi, duk ba a jiran su yi zafi.

7.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta kasa cututtukan ƙafa gida biyu. Kashi na farko, wato kaushi da faso da cin ruwa da farce mai shiga nama da sukar ƙaya, suna damun mutum, amma yawancinsu ana iya maganinsu da ruwa da sabulu da mai da ɗan magani mai araha. Kashi na biyu, wato maisitoma da gyambon mai ciwon suga da kuturta, ba sa zafi da farko, kuma su ne suke nakasa mutum. An kuma nuna cewa na farkon sukan zama ƙofar na biyun. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a ƙasa irin Gadarif, inda asibitin ƙwararru yake da nisa kuma magani yake da tsada, kuɗin takalmi ɗaya bai kai na jinyar wata guda ba. Ga ɗalibin harshe kuwa, ya riƙa tantance wace ma'anar "ciwo" ake nufi a duk inda ya ji kalmar, ya kuma tambayi manomi abin da yake gani a ƙafarsa, ko da ya ce ba ta yi masa zafi.